Shawara nake nema: duk sanda na tada maganan gado da Hammana sai ta koma faɗa

Ɗan Jekadafari

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, wanda ya san kan abin ya taimaka min saboda Allah.

Babanmu ya rasu bara waccan, Allah ya jiƙanshi, ya bar mana gida a nan Jekadafari da gona guda a hanyan Dukku. Mu shida ne, maza biyu mata huɗu, sai Innanmu tana nan da rai. Hamma, wato yayana namiji, shi ne babba. Tun Baba na da rai shi ke noma gonan, masara da wake, har yanzu kuma shi ke nomawa, duk kaka yana kawo wa Inna buhunanta, wannan kam ba zan mishi ƙarya ba. To amma yanzu gari ya ci wajen, maƙwabtan gonan da yawa sun yanka nasu fuloti-fuloti sun sayar, ga biyu daga cikin yayyena mata suna cikin wani hali, ɗaya mijinta na kwance ba lafiya, ɗaya a gidan haya take da yara. Ni abin da nake cewa a kira malami a raba kowa ya san nashi, wanda zai bar wa Hamma ya ci gaba da nomawa ya bari, wanda buƙata ta kama shi ya sayar.

Matsalan shi ne ba mu taɓa kai ƙarshen maganan ba. Da na ce "Hamma, batun gonan nan" sai fuskanshi ya canza, ya ce wato har na yi girman da zan tuhume shi, shi da ya biya min kuɗin makaranta tun daga sakandare, ni kuma sai in ji ƙirjina na bugawa muryana na rawa, ya ɗaga murya in ɗaga, Inna ta fito tana kuka tana cewa so muke mu kashe ta, shi kenan kowa ya watse ba a tsinana komai ba. A guruf ɗin gidanmu na WhatsApp ma haka ne, saƙon murya kan saƙon murya, ƙarshe ya fita daga guruf ɗin, yanzu ko gaisuwa da ƙyar.

Wallahi ina son Hammana, ba na son in zama mara kunya a idonshi, kuma ba na son a danne haƙƙin yayyena ina gani. Ta yaya mutum zai yi magana mai nauyi irin wannan da wanda ya girme shi ba tare da ta zama tashin hankali ba? In an fara ɗaukan zafi me ake yi a daidai wannan lokacin? Na gode.

Malam na Bolari

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku ya kai haske kabarinsa.

Ɗan'uwa ka kwantar da hankalinka, zo mu zauna zo mu saɓa ne, ba a gidanku aka fara ba. Abin da kake ji a ƙirjinka ɗin nan shi ne fushi, kuma addini bai bar mu a duhu a kansa ba. Wani mutum ya zo wajen Manzon Allah (SAW) ya ce a yi masa wasiyya, ya ce masa kada ka yi fushi, ya sake tambaya ya sake ba shi amsar nan dai, yana cikin Bukhari, yaran islamiyya ma sun haddace shi, shi ne na 16 a Arba'una Hadisi. Ya kuma ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne wanda ya mallaki kansa lokacin fushi. Sannan aka ba mu abin yi a aikace: ka ce a'uzu billahi minas shaiɗanir rajim, in kana tsaye ka zauna, in bai tafi ba ka kishingiɗa. Kai har alƙali an hana shi yanke hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi, to in alƙali da iliminsa an ce ya dakata, ina ga ni da kai?

Ni shawarata ka bar maganar nan. Akwai hadisi a Abu Dawuda da aka yi alkawarin gida a gefen Aljanna ga wanda ya bar jayayya ko da shi ne da gaskiya. Gona ba ta kai zumunci ba, ba ta kai hawayen mahaifiya ba. Kuma ka ce gaisuwa ma da ƙyar, to wannan ya fi maganar gonar haɗari, bai halatta musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa sama da kwana 3 ba, wanda ya fara sallama shi ya fi. Gobe da safe ka shirya ka je gidansa ka durƙusa ka gaishe shi, kada ka ambaci gona ko kaɗan. Allah ya daidaita tsakaninku.

Adda daga Gwallaga, Bauchi

Malam Allah ya saka da alheri, batun gaisuwa na yarda ɗari bisa ɗari, ya je ya gaida yayansa. Amma wallahi batun ya bar maganar gaba ɗaya ban yarda ba, kuma ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita don abin nan yana ci min rai.

Haƙurin da ake ce wa ƙanne da mata su yi ɗin nan na ga inda yake kaiwa. A yi shiru a yi shiru don kada ran babba ya ɓaci, shekara goma ta wuce ashirin ta wuce, babban ya rasu, 'ya'yansa su taso su tarar ubansu ke noma gonar tun suna goye, wa zai iya gaya musu ba ta ubansu ba ce? Sai ka ga goggonninsu tsofaffi suna jeka-ka-dawo a kotu da 'ya'yan ɗan'uwansu, zumuncin da aka yi shiru dominsa ya tsinke tsinkewar da ba ta ɗinkuwa. Faɗan da ake gudu yau ajiye shi kawai ake yi wa yara.

Kuma ƙanina bari in nuna maka wani abu. In dai Innarku kaɗai ce matar da ya bari kuma iyayensa ba sa raye, bayan an fitar da bashi da wasiyya, in aka kasa dukiyar gida 64, Inna tana da tumuninta 8, ku maza kowa 14, mata kowa 7. Haɗa na matan huɗu ka gani, 28 ne, daidai da naku ku biyu. To don me magana ta zama ta kai da Hamma kawai? Su masu kusan rabin gonar ina bakinsu? Matuƙar kai kaɗai ne ke tada maganar to a idonsa kai ne yaron da ya yi boko ya dawo yana son sayar da gonar ubansa. Su ma su buɗe baki, ko da ta wajen Inna ne.

Sai kuma yadda kake shiga maganar. Ka daina tare shi ya dawo daga gona a gajiye, ko kafin ya ci abinci, kuma dan girman Allah ba a gaban matarsa da 'ya'yansa ba, babba in ƙaninsa ya ja da shi a gaban iyalinsa ko ya san kana da gaskiya ba zai sauko ba, girmansa yake karewa ba gonar ba. Tsakar gidan Inna ma ba wajen wannan maganar ba ne tunda kun san kuka za ta yi. WhatsApp kuwa ku rufe wannan babin, saƙon murya mugun abu ne a rigima, mutum ya faɗi magana cikin zafi ta minti biyu, ɗayan ya yi ta kunnawa yana sake ji har tsakar dare, matarsa ta ji, a tura wa wancan a tura wa waccan.

In ya ce shi ya biya maka makaranta kada ka ce "to ai ba shi ake magana ba", wannan amsar ce ke kunna shi. Ka karɓa. Gaskiya ce ai ya biya. Ka ma riga shi faɗa: Hamma na san ba don kai ba da ban yi karatu ba, ba don kai ba da gonar nan ta zama saura tuntuni, ni ba tuhuma na zo yi ba, halin da Adda wance take ciki ne ya hana ni barci, na zo ka gaya min yadda kake ganin za a yi. Sai ka yi shiru ka bar shi ya yi magana har ya gaji.

Ma'aikacin lafiya, Azare

Ni ɓangaren bugun ƙirjin da rawar muryar zan taɓa, tunda ka tambaya me ake yi a daidai lokacin.

Abin da ke faruwa da kai ba rashin tarbiyya ba ne kuma ba tsoro ba ne, jiki ne. In mutum ya ji an taso masa, jikinsa yana sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, baki ya bushe, hannu ya yi gumi, jiki ya shirya faɗa ko gudu, bai san da yayanka kake magana ba. A wannan halin kunne baya ɗaukar magana yadda ya kamata, in an faɗi kalma goma guda ɗayar da ta soke ka kaɗai za ka ji. Akwai wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, John Gottman, da ya shafe shekaru yana nazarin yadda ma'aurata ke gardama har da auna bugun zuciyarsu, ya ce in bugun ya haura wajen 100 a minti ɗaya to magana mai amfani ta ƙare, kuma jiki na buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya sauko. Ya kuma gano cewa yadda aka buɗe magana a mintuna 3 na farko yawanci shi ke nuna yadda za ta ƙare, wannan ya zo daidai da abin da Adda ta faɗa a sama. A kan miji da mata ya yi aikinsa amma jikin ai iri ɗaya ne.

Saboda haka da ka ji muryarka ta fara rawa kada ka ce bari in ƙarasa wannan jimlar, ita ce za ka yi nadamarta. Ka nemi tashi. Amma akwai yadda ake yi, don a wajenmu ka miƙe ka kaɗe riga ka bar babba yana magana wani sabon laifi ne da ya fi na farko. Ka ce Hamma ka yi min izini in je in yi alwala, raina ya fara ɓaci kuma ba na son in faɗi abin da bai dace da kai ba, in ka yarda bayan isha'i zan dawo mu ƙarasa. Ka faɗi lokacin dawowa kuma ka dawo ɗin, in ba haka ba zai ɗauka guduwa ka yi ko raini.

Kuma minti 20 ɗin ba na zama kana tsara amsar da za ka ba shi ba ne, in ka yi haka zuciyar ba za ta sauka ba sam. Ka taka zuwa bakin titi ka dawo, ka sha ruwa, ka ja numfashi a hankali ka fi daɗewa wajen fitar da shi.

Mai shayin Tumfure

Ni ba malami ba ne amma gardama kam a teburina take kwana. Arsenal da Man U, Gombe United da Wikki, lokacin zaɓen 2023 kuwa har mutum biyu abokai tun yarinta suka daina zama benci ɗaya saboda 'yan takarar da ba su ma san da su ba. Abin da na lura mutum biyu suna musu a hankali lafiya lau, da an samu 'yan kallo an fara "kai ya kashe ka", "ba shi amsa", shi kenan ba gaskiya ake nema ba kuma, kowa gudun kunya yake. Kuma duk musun da aka fara cewa "kai dama haka kake" ya tashi daga kan magana ya koma kan mutum, daga nan sai zagi.

To musun ƙwallo da siyasa kam ni ina tare da Malam, a bar shi, ba abin da za ka rasa in ka ce to na ji. Amma na gado ba irinsa ba ne. Kawai dai ka rage 'yan kallo, daga kai sai shi sai wani babba guda da yake jin nauyinsa.

Mai riƙe littafi a zauren sulhu

Salam. Ina zama a zauren mai unguwarmu a nan cikin garin Bauchi in ana sasanta mutane, ni nake rubuta abin da aka tsayar, kuma rigimar gado da ta iyakar fili su suka fi zuwa mana. Bari in faɗi yadda ake yi ko za ka tsinci wani abu.

Ba a taɓa haɗa mutum biyu a zaman farko. Kowa ana kiransa shi kaɗai ya zazzage cikinsa, a bar shi ya yi ta faɗa har ya kai inda yake maimaita kansa, a nan ne ainihin abin da ke cinsa yake fitowa, kuma sau da yawa ba shi ne abin da aka kawo ƙara a kai ba. Mutum ya zo da maganar fili, ka saurare shi da kyau sai ka tarar abin da ya tsaya masa a wuya shi ne ranar sadakar uku an yanke wata shawara ba a kira shi ba.

Ranar da za a haɗa su, tabarma ɗaya ake shimfiɗa musu su zauna gefe da gefe suna fuskantar mai unguwa, ba a bari su fuskanci juna. Wayoyi duk a ajiye a kan faifai a gefe. A zagaya da ruwa a kofin silba kowa ya sha, a yi addu'a, mai unguwa ya ɗan taɓa maganar damina da tsadar taki kafin a shiga. Dokar guda biyu ce, da mai unguwa kake magana ba da abokin rigimarka ba, kuma ba ka katse mai magana. Sannan akwai abin da dattijon nan yake yi wanda ni a ganina shi ne rabin aikin: in na farko ya gama, kafin na biyu ya kawo nasa sai ya ce masa maimaita min abin da ɗan'uwanka ya ce. Wallahi mafi yawa ba sa iyawa, sai su faɗi abin da suka zata ya ce. Sai a juya wajen na farkon a ce haka ka ce? Ya ce a'a. A sake. Ba a wucewa sai mai maganar ya ce e haka nake nufi. Kafin a gama wannan za ka ga kafaɗu sun sauka.

Wanda ya ce "kullum haka yake min" ana tsayar da shi a ce wace rana, me ya faru. Wanda ya ce "an ce ya ce" ana tambayarsa wa ya ce, a kira shi, in ba zai kawo sunan ba a ajiye maganar, Allah ya riga ya ce a binciki labari a Suratul Hujurat aya ta 6. Kuma magana ɗaya ake yi a zama ɗaya, in gona ce gona ce, wanda ya ɗauko abin da aka yi masa a bikin wance a ce wannan sai wani zaman.

Yanzu kai ɗan'uwa. Ka taɓa tambayar kanka me Hamma yake tsoro? Ni ban san shi ba amma na ga irinsa da yawa. Mutumin da ƙarfinsa ya ƙare a gonar nan, da ita yake ci da iyalinsa, ƙila ya zuba takin gida shekara da shekaru, ƙila ya dasa mangwaro ko ya haƙa rijiya, ƙila akwai bashin jinyar Baba da ya biya daga aljihunsa bai gaya wa kowa ba. Kai kana cewa a raba, shi abin da kunnensa ke ji shi ne za a kore ka a sayar, wahalarka kuma ta tafi a banza. Shi ya sa yake jawo kuɗin makaranta, so yake wani ya ce mun ga abin da ka yi. To ku sa wannan a cikin maganar tun farko, a ce Hamma kawo duk abin da ka kashe a lissafa, wanda bashi ne a kan mamaci a fitar kafin rabo, ai haka tsarin yake a Suratun Nisa'i aya ta 11 da 12, bashi da wasiyya tukuna. Sannan ku yi masa alkawari duk wacce za ta sayar da kasonta shi za a fara yi wa tayi, ko da biya kaɗan-kaɗan ne bayan kowace kaka. Wannan ma shari'a ta san da shi, shuf'a, abokin tarayya a filin da ba a raba ba ya fi bare cancantar saye. In ya tabbata ba zai wayi gari ya ga baƙo yana sauke bulo a tsakiyar masararsa ba, rabin zafin zai tafi.

Duk abin da aka tsayar a rubuta, kowa ya sa hannu har da matan da kansu ba a madadinsu ba, da shaidu, kowa ya riƙe kwafi. Mutanen kirki ma suna mantuwa.

Malam na Bolari

Adda na karanta abin da kika rubuta, kuma ina ganin ba mu yi nisa da juna ba. Jayayyar da hadisin ya ce a bari ita ce musu don a ga wa ya fi, ba neman haƙƙi ba, ballantana haƙƙin wasu da ke cikin buƙata. Rabon gado umarni ne, jinkirta shi ba tare da yardar magada ba zalunci ne ko da babban wa ne ya yi. Inda nake nan daram shi ne kada a yi maganar ana gaba, a fara gyara gaisuwa, kuma a tausaya wa tsohuwar nan. A je a same ta ita kaɗai a yi mata bayani a hankali cewa ba faɗa za a yi ba malami za a kira, don ita ma ta san tana da tumuninta a ciki, sau da yawa iyaye mata ba sa ma ɗaukar kansu cikin magada.

Adda daga Gwallaga, Bauchi

To Malam yanzu kam mun haɗu. Allah ya ƙara ilimi.

Ɗan Jekadafari

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Maganan bashin jinya ya taɓa ni, don gaskiya lokacin da Baba ke kwance a asibiti ina makaranta, Hamma ne ke ta shige da fice, kuma har yau ba wanda ya zauna ya tambaye shi nawa ya kashe ko ina ya samo.

Tambaya ɗaya ta rage min. Babban da za a sa a tsakani wa ya fi dacewa? Muna da Baffa ƙanin Baba, amma shi ma yana da gona a jikin tamu kuma an sha cewa yana son ya ƙara da ita, muna da Kawu wan Inna a Kumo, sai Goggo a Pantami ita ce babbansu Baba gaba ɗaya. Ko kai tsaye mu je wajen mai unguwa? Ina tsoron kada Hamma ya ce na kai ƙaranshi.

Mai riƙe littafi a zauren sulhu

Kada ka fara da mai unguwa, tsoron naka daidai ne, zai ce ka tona asirin gida kuma wannan kaɗai sai ya zama sabuwar rigima. Mu kanmu in aka zo mana tambayar farko ita ce manyan gida sun zauna? Baffa kuma a gayyace shi ranar zaman ya zama shaida don kada ya ce an raina shi, amma mai sha'awar abu baya shiga tsakani a kansa. Kawu ko da mutumin kirki ne, gonar ta dangin uba ce, wani zai iya cewa ina ruwansa.

Ni Goggo zan ce. Ba ta da kaso a ciki, ta san yadda gonar ta zo hannun Babanku, kuma Hamma duk girmansa ɗa ne a wajenta, abin da in kai ka faɗa rashin kunya ne in ita ta faɗa faɗan uwa ne. Amma kada ka je kai kaɗai, ka tafi da ɗaya daga cikin yayyenka mata ita ta yi bayanin halin da take ciki da bakinta, kuma ku roƙi Goggo ta kira shi shi kaɗai ta ji nasa kafin ta haɗa ku. In kuna da taubashi da yake shiri da shi, cikin 'ya'yan Goggon, shi ma yana da amfani, yana iya shigar masa da maganar cikin wasa tun kafin ranar.

Sai lokaci. In amfani yana tsaye a gonar yanzu ku dakata, duk maganar rabo da aka yi masara tana goyo zai ga kamar guminsa na bana ake so a raba. Ku bari ya karya masararsa ya roro wakensa ya kai gida, sannan a sa ranar zama kafin ya fara sharar gona ta baɗi.